'Yar Farin Rakiya ta Zangon Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ba a bar ni na huta ba. A gidan suna a tambaye ni, a gidan gaisuwa a tambaye ni, har a layin asibiti wata ta riƙe mini mayafi tana cewa, "Malama Binta, ya Kwatano? An ce leshi a can kamar kyauta." Sai in ce lafiya lau, in wuce. To na gaji da lafiya lau ɗin nan, don ƙarya ce. Zan rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a kuma ƙyale ni.

Ba sayayya ta kai ni ba. Wata ƙungiyar Turawa ce mai taimakon yara naƙasassu, ba zan kama sunanta ba, ta ɗauke ni aikin wata guda in duba mata ayyukanta a Zangon Kwatano. Hausa ake yi a unguwar, ni kuma na shekara ashirin a Kaduna ina yi wa yaran da shan inna ya taɓa gashin ƙashi. Aikin na gida-gida ne: a shiga, a duba yaro, a tambayi uwa, a cika fom. A ƙasan fom ɗin akwai gurbi biyu. Ko a bar yaro a ɗakin uwarsa a ci gaba da taimaka masa, ko a ɗauke shi zuwa wani sabon gidan kwana da ƙungiyar ta gina a Godome, can bayan gari. Zan ba ku labarin hanya da abinci tun da shi kuke so, amma ku sani inda na dosa shi ne wata yarinya Safiya, wadda zamanta da uwarta ya rataya a bakina.

Daga Kaduna doguwar mota na shiga zuwa Ikko. Allah ya haɗa ni kujera da wata 'yar kasuwa mai buhun daddawa, ta rantse ba za a sa mata shi a but ba, wai za a sace. A kan ƙafata buhun nan ya yi tafiyarsa. Ko da muka sauka, duk wanda na gitta sai ya waiwayo yana toshe hanci. Daga Ikko zuwa Seme, inda iyaka take, ba wata tafiya ba ce, amma shingaye ne suka cinye mana yini. Kowane shinge sai a buɗe jakata, a ɗaga wani ɗan takalmin ƙarfe na yara da na ɗauko don nuna samfuri, a juya shi, a tambaye ni ko makami ne. Jami'in shingen ƙarshe na ce masa, "Makami ne, ɗana. Ƙara taɓa shi ka gani." Direba ya juyo ya ce don girman Allah Hajiya ki kama bakinki, gida muke son komawa.

A iyaka ni na jawo wa kaina abin kunya. An nemi katin allurar rigakafi, ni kuwa don tsoron ɓarayi na cusa shi can ƙarshen jaka. Haka na zazzage kayana a ƙasa gaban jama'a, zannuwa da abin da bai kamata a gani ba, ƙullin ƙuli-ƙulina ya fashe, wata akuya ta zo ta kama ci ba ko sallama. Ina korar akuya, ina neman kati, jami'in yana kallon sama don kada ya yi dariya. Ashe katin yana cikin lalitata tun daga Kaduna.

Ana tsallakawa sai duniya ta sake. Fetur a manyan kwalabe a bakin titi, mata ne ma ke sayarwa. Acaba ko'ina, su zemijan suke ce masa, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai, mata da zani da ɗankwali suna tuƙa baburansu da kansu, wata har da goyo. Wani jandarma, ɗan sandansu ke nan, ya sara mini ya gaishe ni, na tsaya ina jiran ya faɗi abin da yake so, ashe gaisuwar ce kawai.

Ƙungiya ta kama mini ɗaki a wani otal a Jonke, unguwar shaguna da gidajen giya. Tun la'asar kiɗa ke tashi. Na nemi buta, yarinyar da ke karɓar baƙi ta kasa gane ni, na kwatanta da hannu, ta je ta dawo mini da tulun fure, har da furen a ciki. Alƙibla kuwa ba wanda ya taɓa jin labarinta. Kwana biyu na yi na ce a'a, ba da ni ba. Na ɗauki jakata na shiga Zango ina tambaya, wani mai goro ya kai ni gidan Hajiya Mariya, wata dattijuwa mai sayar da atamfa a kasuwar Dantokpa. Kakanta ne ya zo daga Kano da fataucin kanwa, ita ba ta taɓa ganin Kano ba, amma in tana ba ka labarin Kurmi sai ka ɗauka jiya ta baro. Ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure, ta ce in na sake yi mata maganar haya za mu ɓata.

Hausarsu tamu ce, sai dai Faransanci ya shiga mata ta ko'ina. Makaranta lakwal, ofis biro. Na yi musu dariya, Hajiya Mariya ta ce, "Ke da kike cewa taya da sitiyari, da bakin wa kike dariya?" Abinci kuma akasa ne safe da yamma, wani abu kamar kafa mai tsami a cikin ganye, sai shinkafa da wake da suke kira atasi, da miyar da barkono ya fi tumatir yawa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, in ya kwana sai ka jiƙa. Mako guda cikina yana yaƙi da ni kafin mu shirya.

Lokacin ba su daɗe da sauke shugabansu da ƙuri'a ba, mu kuwa a gida soja na zaune a kanmu. A teburin mai shayi za ka ji maza suna zagin gwamnati da babbar murya, jandarma na gefe yana shan shayinsa. Ran farko sai da na waiwaya ina neman hanyar gudu. Kowa ya sami baki, kowa kuma ya kafa ƙungiya. Gida uku in ka wuce sai ka ga allo an rubuta sunan wata. Ofisoshi kuma da rana ta take sai a rufe, kowa ya tafi gida ya kwanta sai wajen ƙarfe uku. Na ce mutanen nan ko 'yancin ne ya yi musu nauyi.

Abokiyar aikina Madam Selestin ce, ma'aikaciyar ƙungiyar, 'yar ƙabilar Fon, mace mai kirki da tsare gaskiya. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Faransanci, sai muka haɗu a wani gurgun Turanci. Ita ke tambaya, ni in mayar Hausa, in dawo mata da amsa, ta cika fom da Faransanci, mu sa hannu mu biyu. A ofis ba mai kiran ta Selestin sai ni. Kowa Maman Rodirik yake ce mata, don a wurinsu da mace ta haihu sai sunan ɗanta na fari ya zama sunanta, tana alfahari da shi, ko a kasuwa da shi za a ƙwala mata kira.

Ba zan zalunci ƙungiyar ba, akwai abin kirki a aikinta. A cikin Zango suna da wani gida da suka kama, ana gashin ƙashi safiya uku a mako, akwai ajin kurame, akwai wani tsohon maƙeri da ke ƙera takalman ƙarfe ya fi na asibitinmu kyau. Akwai kuma shirme. Sun raba kekunan guragu a unguwar da titunanta rairayi ne, taya na shiga sai ta nutse, kowane gida kuma an ɗaga dokin ƙofa saboda ambaliya. A gida huɗu na tarar ana shanya a kan keken. Na rubuta duk wannan. Gidan Godome ma an kai ni na gani: fenti sabo, gadaje a jere da zannuwa farare, ba yaro ko ɗaya. Manyan ƙungiyar za su zo daga Turai su buɗe shi, kuma ba a buɗe gida da gadaje babu kowa. Ba wanda ya ce mana mu cika gadajen nan. Ba sai an faɗa ba.

Ranar da muka shiga gidan su Safiya rana ta yi zafi, gida na tara ke nan tun safe. Muka tarar da tsohuwa a kan tabarma, Iya, kakar yarinyar ta wajen uba. Yarinyar na gefenta, shekara bakwai, ƙafafu biyu shan inna ya shanye, ido tar, tana ta kallon jakata. Uban direban babbar mota ne, yana kan hanya. Aka kira uwar daga madafa. Rakiya ke nan, siririya, ba ta wuce ashirin da biyar ba. Ta durƙusa can nesa da surukarta, ta gaishe mu, ta sa ido a ƙasa.

Madam Selestin ta ce in tambaye ta sunan yarinyar. Na tambaya. Rakiya ta yi shiru tana wasa da bakin zani. Iya ce ta amsa, "Safiya."

"'Yarki ce?"

Rakiya ta ce, "Ta Iya ce."

"Wa ke yi mata wanka, wa ke ba ta abinci?"

"Duk wanda ya samu hali."

"Kina so a bar miki ita a nan, ko a kai ta Godome?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. "Ni ina ruwana, Malama? Abin da manya suka ce."

Ana cikin haka yarinyar ta ja jiki ta kama gefen zanin uwar. Rakiya ta zare zaninta a hankali ta ce, "Ke, sake ni," ba ta ko dube ta ba. Na ga fuskar Madam Selestin ta canja. Ta buɗe rajistar gidan gashi ta nuna mini da yatsa: shekara biyu ana kawo yarinyar, kullum sunan kaka ne a wurin wanda ya kawo, uwa ko sau ɗaya.

To ku da kuke karantawa kun riga kun gane. Ni ma tun shirun farko na gane. 'Yar fari ce, kunya ce, ga suruka zaune, ga baƙi. Kuma idona na aiki ya riga ya gaya mini sauran. Yaron da aka yi wa sakaci ba a ɓoye shi: za ka ga gyambo a gwiwa, ƙazanta a wuya. Wannan kuwa fatarta sumul, kitso ƙanana an zauna an yi shi, an ɗinka mata 'yan tsummoki masu laushi a gwiwa don jan ciki, fatar takalmin ƙarfenta ta sha man kaɗanya. Tsohuwar da hannunta ke rawa ba ita ta yi wannan ɗinki ba.

Amma ban buɗe baki na bayyana ba. Yadda Rakiya ta faɗa, haka na juye wa Madam Selestin, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Kuma ba mantuwa ba ce, haushi ne. Ni ma 'yar fari ce. Uwata ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, "ke" nake, ko "waccan". Ranar da na ci jarrabawa gida ya kaure da guɗa, ita ta ci gaba da tankaɗenta. Na tsani al'adar nan tun ina yarinya, kuma da na ga Rakiya ta zare zani sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, a garin da kowa ke zagin shugaban ƙasa a bakin titi, ke ba za ki iya kiran sunan 'yarki ba? To bari ki ji yadda maganarki take a kunnen baƙo. Madam Selestin ta sa alama a gurbi na biyu, ta rubuta cewa uwa ta yi watsi da yarinya, ta miƙo mini, na sa hannu. Iya ta raka mu zaure tana cewa, "Kun ga surukata ko? 'Yar mutunci ce, irinsu sun ƙare."

Bayan magariba na ba Hajiya Mariya labari, har ina ɗan dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye carbinta ta wanke ni tas.

"Ashe karatun naku na banza ne. An kawo ki don kin san mu, kin zo kin zama rediyo? Ita baƙuwar ba ta sani ba, ke ma ba ki sani ba? Gobe in kin yi asuba kada ki koma barci. Ki tsaya a zaurena ki ga wadda ba ruwanta."

Na tsaya. Gari bai gama wayewa ba sai ga Rakiya ta ɓullo, ta goya yarinyar shekara bakwai da zani biyu, ƙafafun na reto har gwiwarta, takalman ƙarfe a hannu, tana tafe cikin rairayi tana nishi. Tana yi wa yarinyar magana ƙasa-ƙasa, yarinyar na ƙyalƙyala dariya a bayanta. Iya na biye da su da sandarta, hannu rabbana. Na bi su daga nesa. Sai da suka zo kwanar gidan gashi Rakiya ta sauke ta a kan dakali, ta sa mata takalman, ta gyara mata ɗankwali, ta miƙa wa Iya hannunta. Su suka shiga, yarinyar na jan ƙafa da ƙyar, ita Rakiya ta koma bayan wani kes ɗin mai sayar da sabulu ta tsaya. Mai kes ɗin ya ce mini haka take yi shekara biyu, ko ana ruwa.

Ana buɗe ofis na tare Madam Selestin na zayyana mata komai. Baiwar Allah ta dafe kai, ta ce ita a duniyarta ba ta taɓa jin uwa na ɓoye son ɗanta ba. Na ce a sake fom. Ta ce fom masu lamba ne, an ƙidayo su daga Turai, ba a sakewa kuma ba a gogewa, sai dai a ƙara bayani. Wurin bayani layi biyu ne, ta riga ta cika su jiya. Sai na juya takardar na cika bayanta da rubutu: mene ne kunyar ɗan fari, abin da na gani a jikin yarinyar, abin da na gani da asuba, da cewa a bar ta a gida. Muka sa hannu mu biyu. Na fita ina jin na gyara ɓarnata, har na sayi gasasshen kifi a hanya.

Ran Juma'a sakatare ya aika fom ɗin Turai ta fakis, injin nan da ke tura hoton takarda ta waya. Injin fuska ɗaya yake ɗauka. Ba wanda ya gaya wa sakatare ya juya, ni ma ban tsaya na gani ba.

Bayan mako biyu jerin sunayen yaran da za a kai Godome ya dawo. Safiya ce ta huɗu.

Na faɗa ofishin Darakta ba sallama. Bature ne dogo, mai ladabi, kuma wallahi ladabin nan ya fi zagi ciwo. Ya ba ni kujera, ya karanta bayan takardar har ƙarshe, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, bai taɓa sanin wannan al'ada ba. Sannan ya juya gaban ya nuna mini da bakin alƙalami. "Amma Madam Binta, wannan sa hannunki ne ko?" Na ce nawa ne. Ya ce an riga an yanke hukunci a can, an aika sunan kowane yaro da hotonsa ga iyalin da za su ɗauki nauyin gadonsa, guraben taimakon gida kuma an raba wa wasu. Ba a tilasta wa kowa. Iyaye na iya ƙi, sai dai in sun ƙi sunan yarinya ya fita daga rajista gaba ɗaya, ba gashi, ba sabon takalmi, ga shi wanda take sawa ya soma matse ta. Za a sake duba lamarin bayan shekara biyu. Na ce to in uwar ta zo da bakinta fa? Ya ce ƙofarsa a buɗe take ga kowa.

Na sami Rakiya a bakin famfo, ba suruka kusa. Na gaya mata abin da na yi, ban ɓoye ba. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Na ce, "'Yata, magana ɗaya ce. Ki zo ki faɗa wa Darakta da bakinki cewa 'yarki ce, ni zan juya masa." Ta ce, "Malama, da wane ido zan dubi Iya?" Na ce Iya ba za ta ji ba. Ta ɗauki bokitinta ta tafi.

Washegari da hantsi sai ga ta a ofis ita kaɗai, ta ci mayafin zuwa biki. Ta ƙi zama a kujera, ta durƙusa a kan siminti. Gumi na zuba mata kamar wadda ta yi surfe. Ta buɗe baki ta rufe, ta buɗe ta rufe. Can ta ce, da wata murya da ban san tana da ita ba, "Safiya 'yata ce. Ni na haife ta, ni nake goya ta. Kada a ɗauke mini ita." Tana gamawa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na juya wa Darakta, wannan karon har da abin da ba ta faɗa ba. Madam Selestin na kuka a bakin ƙofa. Ya miƙe tsaye, ya ce ya ji daɗi matuƙa da ta zo, jarumar mace ce, za a rubuta maganarta a sa a fayil, kuma lalle za ta yi amfani in lokacin sake dubawa ya zo.

Rakiya ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi ta ce, "Me ya ce?" Ni ce dai na gaya mata.

Kuma Iya ta ji. Mai gadin ofishin mutumin Zango ne, kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa matar direba ta je biro ta kama sunan 'yar farinta gaban Bature. Mata suka samu abin yi a bakin famfo. Iya ta daina amsa gaisuwarta. Da uban ya dawo daga hanya aka karanta masa takarda, tambaya ɗaya ya yi: a can za ta taka da ƙafarta? Aka ce za a yi ƙoƙari. Ya dangwala yatsa, ya koma motarsa.

Aka sa ranar Alhamis motar ƙungiya za ta zo, ranar da ni ma wa'adina ya cika. Ta zo kuwa, ta ɗauke Safiya. Ban je ba, ba zan yi muku ƙarya ba, tun sassafe na kama hanyar Seme don kada in gani. Abin da na gani da idona na ranar Laraba ne.

Da la'asar ina haɗa kaya Hajiya Mariya ta ce ina da baƙuwa. Rakiya ce, ta shigo da wata takarda da ta yago daga littafin lakwal na ɗan maƙwabta. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Malama, tun da mutanen nan takarda suke ji, ki rubuta musu wani abu."

Na ɗauki alƙalami. Ta soma faɗa, ba gaggawa, kamar mai lissafa kayan miya. Takalmin hagu yana gurje mata idon sawu, a riƙa sa tsumma kafin a ɗaure. A gasa ƙafafun da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, a shafa man kaɗanya daga ƙasa zuwa sama. Ba ta cin akasa in ya huce. Ba za ta taɓa cewa tana jin fitsari ba, kunya gare ta, amma in an ga tana jan kunnenta to a ɗauke ta maza. Kada a kwantar da ita tana fuskantar bango, tsoro take ji. Kada a ja mata kitso, kanta ba ya so. Ta iya Fatiha da Ƙulhuwallahu, a samu mai tuna mata. Sai ta ce, "Ba ta jin Faransanci, ba ta jin yarensu. Ki rubuta musu ruwa, da ciwo, da sanyi, yadda muke faɗa, don in ta faɗa su gane." Na rubuta, takarda ta cika, na ce Madam Selestin za ta mayar Faransanci ta kai da hannunta.

Na ce, "Saura suna. In sa daga mahaifiyarta, Rakiya?"

Ta girgiza kai. "Ki sa daga kakarta."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Rakiya! Har yanzu kunyar? Bayan duk abin da ta jawo?"

Karo na farko ke nan da ta ɗaga kai ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Wace kunya ta rage mini, Malama? Na zubar da ita a biro, kina wurin. Takardarku ce ta ce ban damu da ita ba, kuma ita za ta riga wannan isa. In suka ga sunana za su ce me wannan ta sani, su yar. Ki sa sunan da za su karanta."

Na sunkuya na rubuta daga kakarta.